Abin da aka tattauna kan cututtukan da ake ɗauka ta saduwa tsakanin matasan karkara

1. Kusan kowa a wajen tattaunawar ya ambaci talauci da talla cikin dalilan yaɗuwarsu. Yarinya ta kai magariba da farantin gyaɗa a tasha, wani babba ya saye duka, daga nan matsala ta fara.

2. Kunya. Saurayi ya ga alamar ciwon sanyi, sai ya sayi kafso biyu a kemis, ciwon ya lafa bai warke ba. Wannan ya fi damuna, don tunjere da ƙanjamau sukan daɗe ba alama.

3. 'Yan ci-rani kan dawo da cuta gida.

4. An rabu kan kwaroron roba: wasu sun ce a koyar, wasu sun ce tarbiyya da wa'azi sun wadatar.

5. Gwajin kafin aure, wanda Kano ta wajabta a 2024, ya samu goyon bayan mafi yawa.