Bangon falo mai kamar marbur: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Biyu: Salamu alaikum ƴan uwa. Na je barka wani gida a Yantala, na ga bangon falo kamar an manna dutsen marbur, sai da na shafa hannu na gane fenti ne. Ni karo, wato tayil, ya fi ƙarfin aljihuna. Wa ya taɓa yin irinsa? Yana jure ƙurar Yamai kuwa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni na yi, na kuma sha kuka. Ana gama shafen siminti da kwana 6 mai fentin ya hau aiki, wai sauri muke saboda biki. Damina ɗaya, gindin bangon ya kumbura yana fidda farin gari kamar kanwa, fentin yana ɓarewa sai ka ce ɓawon albasa. Shi kuwa ya daina ɗaukar waya.

Mai Rulo: Hajiya, sannu da asara. Sabon siminti sai ya yi wajen kwana 28 kafin fenti ya hau kansa, in ba haka ba ruwan da ke ciki zai nemi hanyar fita. Maman Biyu, fara duba gindin bangonki. In yana jan damshi, a gyara wannan tukuna.

Aikin hawa-hawa ne. A shafa anduwi, wato kwaɓin da ke daidaita fuskar bango, a goge har ya yi sumul, don marbur ba ya son ƙurji ko ɗaya. A sa farin fenti a bari ya bushe sarai. Sannan a haɗa fenti mai launin toka da sirki mai shara-shara wanda ke hana shi saurin bushewa, galibi kashi 1 na kala a kashi 4 na sirkin. A dangwala da tsumma, a bi da busasshen burushi mai laushi a sassauta gefuna. Jijiyoyin dutsen kuwa da gashin tsuntsu ake jan su, ni na zabo nake amfani da shi, a karkace, hannu yana ɗan rawa. Kada su jeru kamar layin littafin ɗan makaranta, nan asiri ke tonuwa.

Maman Biyu: Gashin zabo! Ikon Allah. Malam, ni da kaina zan iya?

Mai Rulo: Marbur a'a, gaskiya. Amma na soso za ki iya. Ki yagi soson katifa da hannu, kada ki sa almakashi, don bakin ya fito ba tsari. Ki tsoma, ki rage a kan kwali, ki riƙa dannawa kina juya hannu. Ki sayi guntun falanki a kasuwar Katako ki gwada tukuna, ki jingina shi a falon ki gan shi da rana, ki gan shi da dare.

Anti Lazare: Na tsumma nake ba da shawara. Ni da ƙanena muka yi ɗakina, shi yana shafawa, ni ina bin sa da tsohon zanen gado a murɗe ina mirginawa daga sama zuwa ƙasa. Abu ɗaya: kada ki kuskura ki yi a watan Afrilu da rana. Zafi ya haura 40, kafin ki gama gefe guda ya bushe, sai mahaɗar ta fito ɓaro-ɓaro. Bayan asuba muke farawa, fanka a kashe, kuma in an kama bango ba a tsayawa sai an kai kusurwa. Ko an kira ki a waya, ki share.

Hajiya Babba: Kuma ba cikin hunturu ba, ƙura za ta manne masa tun yana ɗanye.

Ɗan Ader: Ku dai kuna ta marbur. Mu Tawa launin ƙasa muka sani. Ku je garin Yama ku ga masallacin da Falke Barmu ya gina da laka, har kyautar Aga Khan ya samu a 1986. Ni falona jan ƙasa na sa, aka bi shi da babban burushi gicciye-gicciye, wuri ya yi duhu wuri ya yi haske, kamar tsohon yaɓe mai makuba. Ƙura ta hau ma ba a gani.

Anti Lazare: Wannan kam ka yi dabara, yaya. Farin marbur da yara biyu, kullum kana cikin goge sawun hannu.

Mai Rulo: Shi ya sa ake rufe shi da barni a ƙarshe, wato shafen kariya mai shara-shara, a samu damar gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Amma a kan fari a sa na ruwa, na mai yana komawa rawaya da daɗewa. Kuma in tsohon fentin bangon na mai ne, na ruwa ba zai kama ba sai an kankare ƙyallin an sa fentin shimfiɗa.

Maman Biyu: To ni ya zan gane wanne ne a nawa?

Mai Rulo: Auduga da alkol na famasi, ki goga a bangon, ta bayan kujera. In kala ta biyo audugar, na ruwa ne.

Maman Biyu: Na gwada yanzun nan, ta biyo. Ɗan Ader, turo min hoton falon naka don Allah, na fara canza shawara.