Sauya guntun bututun salansa: abin da kanikawa da masu walda suka ce

Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa faci a kan tsatsa asarar kuɗi ne. Idan salansa ta huce, a bi bututun ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, a yanka sai inda ƙarfen ya yi ƙara mai kauri. Motar ta hau rami ko ta zauna kan matokarai, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

A auna faɗin tsohon bututun kafin a sayo sabo, domin wanda ya fi shi ƙanƙanta yana shaƙe inji. Bakin ɗaya ya shiga cikin ɗaya kamar santimita 5. A fara ɗiga walda wuri uku, a rataya, a tabbatar akwai tazarar yatsa biyu tsakaninsa da jikin mota, tankin mai da bututun birki, sannan a zagaye mahaɗar da walda. In waldar lantarki ce, a cire kan batir na nagetib, a rage wuta, don bututun siriri ne, nan da nan yake hujewa.

Inda suka rabu shi ne maɗauri, wato ƙarfen da ake ɗaure mahaɗar da shi maimakon walda. Wasu sun fi son sa saboda sauƙin kwancewa, amma a hanya mai gargada walda ta fi riƙewa. Robobin rataya da suka tsattsage a sauya su, su ne ke jawo karyewar mahaɗa.

A ƙarshe a tayar da inji, a ɗan toshe bakin salansa da tsumma. Inda aka ji huci, nan ke yoyo. Kada a ƙyale shi, iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari, kuma tana kisa idan ta taru cikin mota.