Na'ura ta turo 00 2A, kwamfuta ta ce 10752

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Ɗalibi ne ni a Madina, ina haɗa wa wani kawuna manhaja da harshen C da za ta riƙa karanta zafin rumbun dabinonsa. Na'urar awon tana turo bayit biyu, 00 sannan 2A. A lissafin tushe 16, 2A ai 42 ne, kuma zafin garin nan ya kan kai haka. Amma da na kwafe su cikin uint16_t (ma'ajin lamba mai bit 16, wato bayit biyu) da memcpy (umarnin kwafe bayit) a kwamfutata mai Intel, sai 10752 ya fito. Wani abokina ya ce in juya jerin bit ɗin duka 16, na farko ya koma ƙarshe, na juya, sai 84. To, bit ake juyawa ko bayit? Umarnin ntohs, mai daidaita jerin bayit, zai magance wannan kuwa? Don Allah a taimaka.