Sola ce ke kashe batirin kwamfuta? Ku faɗi abin da kuka gani

Abu, Samaru:
Salamu alaikum. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na haɗa ƴar sola a ɗakina. Yanzu in na zare caja, ko minti ashirin kwamfutata ba ta yi sai ta mutu. Wani mai gyara a PZ cikin Zariya ya ce wutar sola ce ke cin batir. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Malam Habu, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Abu, ni aikin haɗa sola nake yi, kuma batirin kwamfutarka bai san daga ina wuta ta fito ba. Caja ce ke mayar da ita wajen bolt 19 ko 20 kafin ta shiga. Inda ake samun matsala shi ne inbata, wato na'urar da ke juya wutar batirin sola ta koma irin ta gida, in mai araha ce wadda wutarta ba ta fita sumul irin ta layi. Kasa kunne kusa da cajar: in tana ƙugi kamar ƙudan zuma, tana ɗaukar zafi har ka kasa riƙewa, to ita ce ke shan wahala.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Ni kam laifina ne, ba na sola ba. Da muka samu wuta ba yankewa, sai na daina zare caja kwata-kwata, dare da rana tana kan ɗari. Ga ɗakin kwano, ga zafin Afrilu, kuma a kan katifa nake aikin digirina, ashe na toshe mata hanyar iska. Wata rana zan rufe ta sai na ga murfin ya ƙi zama daidai, wajen da ake shafawa da yatsa ya taso kamar burodi. Batirin ne ya kumbura. Mai gyara ya ce kada in kuskura in danna shi ko in soke shi da wani abu, wuta yake kamawa.

Malam Habu:
Hajiya, kin gama magana. Batirin litiyam ba ya son zafi, ba ya son zama a cike kullum. Da, ɗauke wuta ke sa mu sauke shi ba mu sani ba.

Sadiya, Kongo:
Yaya Abu, tawa Lenovo ce. Na kunna saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, cikin manhajar Vantage. Shekara uku ina kan sola, har yanzu tana riƙe mini lacca biyu.

Abu:
Na saurari cajar kamar yadda Malam ya ce. Wallahi ƙugi take yi. Malam Habu, gobe bayan la'asar kana shago? Zan zo da inbatar ka duba.