Wai zane ma gwagwarmaya ce?

Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Zanen nan da na yi na uwa riƙe da kwanon awo wayam, ɗanta ya yi ɗage yana leƙa ciki, wani babban shafi ya ɗauka, ya yanke sa hannuna da ke ƙasa, ya manna tambarinsa. Da na yi magana sai mabiyansa suka ce ai AI ce, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, ta yi. Da yatsana na zana shi a waya mai tsagaggen gilashi, har furannin atamfar uwar ɗaya bayan ɗaya na bi su. Mu masu zane mu ne ke yi wa talaka gwagwarmaya a wannan zamani, amma ko sunanmu ba a bar mana ba.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka ƙanena, amma ka janye kalmar gwagwarmaya. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta. Tun da aka kafa NEPU a 1950 'ya'yanta ke shan bulala da gidan yari. Kai kana kwance a katifa kana shafa waya, ka ce kun yi tarayya da su?

Ɗan Dilimi: Baba kowane zamani da makaminsa. In waya ba komai ba ce, me ya sa aka rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022?

Baban Ilham: Saboda sun goge saƙon shugaban ƙasa Buhari ne, ba tsoron zanen kowa aka ji ba.

Ɗan Dilimi: To ai ga shi ka fito fili. Har yau ba a taɓa muku Buhari.

Baban Ilham: Ni ɗan PRP ne tun ba a haife ka ba, yaro. Ka iya bakinka.

Anti Rikkos: Don Allah ku bar siyasa. Yaya Baban Ilham, ina yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024? Kusan wata uku suna tsare, ba mai jin ɗuriyarsu. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai su Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi. Ni na kalli bidiyon, ƙasusuwan wuyansu duk a waje, na kasa cin abinci a ranar. Bidiyon ya zaga duniya, ba a yi mako ba shugaban ƙasa ya ce a sake su. Wanda ya ɗauka da waɗanda suka yaɗa, in ba gwagwarmaya suka yi ba me suka yi?

Baban Ilham: Wannan bidiyo ne Hajiya, abin da ya faru ne aka ɗauka. Zane kuwa mutum ne ya zauna ya ƙirƙira.

Malam Na Gangare: Ni tambayata daban ce. Kafin a kai ga gwagwarmaya, zana mai rai ma ya halatta?

Anti Rikkos: Allah gafarta Malam, naira ashirin ɗin da ke aljihunka hoton Ladi Kwali ne a jiki, ita kuma ƙadangaru da kifaye take zanawa a tukwanenta. Ga gidan tarihin Jos nan tun 1952 da kawunan Nok a ciki, 'yan makaranta na zuwa kallo.

Malam Na Gangare: Gidan tarihi ba hujja ba ce a shari'a. Kuma malamai sun bambanta hoton larura da na ganin dama.

Ɗan Dilimi: Yunwa ba larura ba ce Malam?

Malam Na Gangare: Zan kawo nassi bayan la'asar in sha Allahu.

Na Wuse: Ku dai 'yan Jos surutu. Mu da muke Abuja mun ga yadda hoto ke aiki. A 2014 aka fara zaman neman 'yan matan Chibok a dandalin Unity Fountain, jajayen riguna kawai suka zama alama a duniya. Hoton Aisha Yesufu na zanga-zangar 2020, sanye da hijabi ta ɗaga hannu a dunƙule, masu zane nawa suka sake zana shi?

Baban Ilham: Yauwa! Ita a titi ta tsaya a gaban 'yan sanda. Masu zanen daga baya suka bi sawu. Ka ba ni hujja da bakinka.

Ɗan Dilimi: Kai Na Wuse, wa ya ce maka Jos surutu ne? Ka zo Old Airport Junction a Agustan 2024? Musulmi da Kirista tare suka fito, ana sallah Kiristoci na tsaye suna gadi. Har dokar hana fita ta awa 24 aka sa mana. Kai da aka haifa a Anguwar Rogo, shekara nawa ka yi a Abuja da za ka ce "ku 'yan Jos"?

Na Wuse: Ban zagi garinmu ba. Amma wa ya zana waccan tsayuwar ta Old Airport? Da an zana ta da yanzu tana bangon kowa.

Mai Zane: Jama'a, ni fa satar aikina na kawo ƙara. Ba wanda ya ce min ga yadda zan yi.

Anti Rikkos: Yi haƙuri ɗana, bari Malam ya kawo nassin tukuna.

Admin: To jama'a, kafin in rufe zauren zuwa magariba, ga abin da aka cimma. Mafi rinjaye sun yarda da Yayanmu Baban Ilham cewa gwagwarmaya sai wanda ya sa jikinsa, kamar yadda iyayenmu 'yan NEPU suka yi. Zane taimako ne, muna yaba wa ƙanenmu, amma ya rage zafin kai. Batun halacci muna jiran Malam. Ɗan Dilimi kuma ya nemi afuwar Baba kan maganar da ya yi masa.

Anti Rikkos: Wane mafi rinjaye Admin? Ku biyu ne, kuma kowa ya san majalisarku ɗaya a Bauchi Road. Maganar yaran kotu ko ambatonta ba ka yi ba.

Ɗan Dilimi: Ni ban zagi kowa ba, ba afuwar da zan nema.