Yaya za mu jawo gwamnati kan gubar dalma ba tare da masu haƙar zinare sun guje mu ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema.

A ƙauyenmu da ke Zamfara an koma niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Jiya na ga jaririn maƙwabcina yana rarrafe kusa da turmin da ake daka dutse, hannunsa fari fat da ƙura, yana kai shi baki. Gabana ya faɗi. Ban manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma da ke cikin ƙurar irin wannan dutse ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo. A ƙauyen Bagega ma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje mai guba a 2013.

Mun kafa kwamiti, mu da liman da mai unguwa. An ba mu fili a bayan gari don a riƙa niƙa dutsen a can, wasu sun yarda su riƙa jiƙa dutse kafin niƙa don rage ƙura. Amma gwajin ƙasa da na jinin yara ya fi ƙarfinmu, sai da hukuma. Sau biyu mun kai takarda wani ofishi, har yau shiru.

Inda na maƙale shi ne matasanmu. Tun haramcin haƙar ma'adinai na 2019, da sun ji kalmar gwamnati sai su ce za a hana su neman abinci.

Wanda ya taɓa irin wannan aiki, ta wace ƙofa kuka bi? Ta fadar hakimi, ko ma'aikatar lafiya? Kun rubuta yarjejeniya ne? Allah Ya saka da alheri.