Neman shawara: zaman labari na mata da muka fara a Kakuri ya ƙare da kuka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar firamare ce a Kakuri, nan Kaduna. Kwanakin baya muka fara haɗuwa duk Asabar a wani aji, mu goma sha ɗaya: Hausawa huɗu har da ni, Fulani biyu, Bajju biyu, Bayarabiya ɗaya, 'yar Gwari ɗaya, sai wata Tibi mai sayar da doya. Niyyar ita ce kowa ta zo da aikin hannunta, ana yi ana hira, mu san juna.

Zama biyu na farko sai sambarka. A na uku ne na yi katoɓara. Na ce kowa ta ba da labarin ranar da ba za ta taɓa mantawa ba, ni a zatona za a ce ranar aure ko haihuwar fari. Sai wata dattijuwa ta ɗauko rikicin Fabrairun 2000, yadda ta tsallake gadar kogi da goyo a baya, takalmi a ƙafa ɗaya, kuma tun ranar ba ta sake ganin ƙaninta ba. Ba ta rufe baki ba wata ta ce su ma ranar aka ƙone musu gida, sai dai su a ɗaya ɓangaren suke. Ajin ya yi tsit. Wata ta naɗe saƙarta ta fita ba sallama. Daga baya na ji wai wata yarinya a cikinmu ta ɗauki maganar dattijuwar a waya.

Asabar da ta biyo baya mu biyar muka zo. In ci gaba ne, ko in haƙura?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki bari, amma ki yarda kin yi gaggawa. Wannan miki ne da ya haura shekara ashirin, bayansa ga na 2002, kuma shi ya raba garin nan gida biyu, wasu suka koma arewacin kogi wasu kudu. Ba a buɗe irinsa a zama na uku. Ki koma tatsuniya. Ki ce "ga ta nan ga ta nanku", su ce "ta zo mu ji ta", ki saki Gizo da Ƙoƙi. Za ki ga Bayarabiyar ta ce ai wannan wayon na kunkurunsu ne, Ijapa, Tibin kuma ta ce a wajensu zomo ne. Daga nan gardama mai daɗi za ta tashi, ta wa ya fi wani iya cuta.

Inna daga Zariya: 'Yata, tatsuniya da rana? Mu da aka ce mai yin haka zai ɓata a kasuwa! To ku ɗaure Gizo tukuna. Wasa nake. Abin da zan ce, ki ɗauki ƙafa ki je gidan waɗanda suka daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ki fara da dattijuwar nan. Ba ta waya ba. Ki riƙe ɗan sabulu ko goro, ki ba ta haƙuri, ki ce laifinki ne.

Anti Nas: Ni dai ban goyi bayan a binne maganar ba. Matar nan ta riƙe abu shekara da shekaru, ta samu wuri ta sauke, yanzu a ce mata a koma labarin Gizo? Za ta ɗauka an toshe mata baki ne. Abin da aka rasa ranar shi ne tsari. Ki sa doka: mai magana ba a katse ta, ba a ce "ai mu ma", ba a kiran sunan ƙabila ko addinin wanda ya yi ɓarna, kuma wadda ba ta son ji tana iya fita ba tare da an yi mata kallon banza ba. In kuma kin ga wata ta daina barci ko kuka ya ƙi tsayawa bayan ta ba da labari, wannan ya wuce ƙarfinki, a kai ta ta ga likita. A garin nan akwai asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Barnawa, kuma ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba.

Maman 'yan biyu: Anti Nas, ban ce a binne ba. Cewa na yi a jira ƙwarya ta yi sanyi kafin a sha kunun.

'Yar Sabon Tasha: Ni Kirista ce, 'yar Bajju, kuma da Hausa muke waƙa a cocinmu, don haka harshen ba zai zama matsala ba. Amma Malama, da girmamawa, ki gyara abu ɗaya. Kin ce Bajju, na ji daɗi ba ki ce Kaje ba. To haka ita ma 'yar'uwar nan Gbagyi ce, da yawansu ba sa son a ce Gwari. Ki tambayi kowa sunan da take so a kira mutanenta. Sannan ki bar kowa ta rera waƙar cikin tatsuniyarta da yarenta, ko ba a gane ba, daga baya ta fassara. Kuma ki tambayi 'yar Gbagyin ko ta iya ginin tukunya. Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan da ke bayan takardar naira ashirin, tasu ce. Mata goma hannu dumu-dumu cikin yumɓu, wa ke da lokacin riƙe fushi?

Hajiya mai lalle: Batun wayar nan shi ya fi tsaya min. Akwai wata ƙungiya da ta taɓa tara mu, aka ba mu lemo da kuɗin mota, muka saki baki. Bayan wata biyu ɗan wata daga cikinmu ya ga hoton uwarsa a Facebook tana share hawaye, an rubuta abu da Turanci a ƙasa. Har maigidanta ya hana ta fita taro. Ki kira yarinyar ta goge a gabanki, ki duba ko ta tura wa wani. Daga yau a ajiye faifai a bakin ƙofa, kowa ta sa wayarta a ciki.

Maman Abba: A sa ɗan adashe ko na ɗari biyar ne. Mazan da ke tambayar "me kuke yi a can?" sai a samu amsar ba su. Kuma a tashi kafin magariba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. 'Yar Sabon Tasha, na karɓi gyara. Jiya na je gidan dattijuwar kamar yadda Inna ta ce. Na tarar tana tsince wake, ta miƙo min tire na taya ta. Ban gama ba da haƙuri ba ta ce ita ba da ni take fushi ba, kunya ce ta kama ta, ta yi kuka gaban yara. Ta ce za ta dawo, amma sai in wadda aka ƙone wa gida ma za ta zo, don ranar ba ta yi mata jaje ba. Gobe in Allah ya kai mu gidan waccan zan nufa. Yarinyar ta goge, ta rantse ba ta tura wa kowa ba. Wa ta san inda zan samu yumɓu mai kyau kusa da Kakuri?